Kaka a Kogin Kolambiya: Ayarin Salmon da Halin Ruwa

A farkon watan Satumba, wata ranar Asabar tun gari bai waye ba, ni da maƙwabcina muka saukar da ƙaramin jirginsa a Kogin Kolambiya, ƙasa kaɗan da birnin Portland na jihar Oregon. Dattijo ne da ya haura shekara 70, kuma fiye da rabin rayuwarsa a kan wannan ruwa ya yi ta, shi ya sa duk abin da ya yi nake zuba ido in gani. Kafin ya taɓa sandar fatsa ko ɗaya, sai ya ɗaure ma'aunin zafi a igiya ya zura cikin kogin, ya ɗan jira, ya jawo shi, ya haska da tocila. Digiri 21 ya nuna a ma'aunin Salsiyus, wato 70 a ma'aunin Farenhait da ake amfani da shi a nan Amurka. Ya girgiza kai, ya ce mini kifi yana nan birjik a ƙarƙashinmu, amma yau bakinsa a rufe yake. Haka kuwa aka yi. Mun zauna tun daga asuba har rana ta take, na'urar da ke nuna abin da ke ƙarƙashin jirgi tana ta nuna kifaye suna wucewa, amma ko sau ɗaya sandunanmu ba su motsa ba, kuma a cikin jiragen da ke jere da mu kifi biyu kacal na ga an ɗaga.

Tun daga ranar nake son in rubuta wannan bayani, domin na lura cewa yawancin masu sha'awar kamun kifin salmon a lokacin kaka adadin kifin da ya shigo kogi kawai suke dubawa. Da zarar sun ji an ce ayari ya yi kauri sai su ɗauki hutu daga wurin aiki, su sayi man jirgi, su fito da dogon buri. Ni kuwa shekarun da na yi ina bin dattijon nan sun nuna mini cewa halin da ruwa yake ciki, musamman zafinsa, ya fi yawan kifin tasiri a kan abin da masunci zai koma gida da shi, kuma ya fi tasiri a kan ko kifin zai isa inda ya nufa da ransa.

Salmon na wannan yanki a ruwan kogi ake ƙyanƙyashe shi, a cikin tsakuwa. Irin da ake kira shinuk na kaka ba ya daɗewa a gida, bayan 'yan watanni yake bin ruwa ya gangara Tekun Fasifik, inda yake yin shekara biyu zuwa huɗu yana cin ƙananan kifaye, wasu har gaɓar Kanada da Alaska suke kaiwa. Idan lokacin haihuwa ya yi sai ya juyo, ya nemi bakin kogin da ya fito, ya haura yana bin ƙanshin ruwan da ya sani tun yana ƙarami har ya isa rafin da aka haife shi, ya zuba ƙwai, ya mutu. Tafiya ce ta sau ɗaya. Abin da ya fi shafar masunci a cikin wannan labari shi ne kifin yana daina cin abinci da zarar ya bar ruwan gishiri, kitsen da ya tara a teku shi ne guzurinsa har ƙarshen tafiya. Saboda haka idan ya kai wa ƙugiya cizo ba yunwa ce ta sa shi ba, tsohuwar ɗabi'a ce ta farauta, ko kuwa fushi da abin da ya tare masa hanya, kuma kifin da zafi ya galabaitar ba shi da ƙarfin da zai ɓata a kan fushi.

Shinuk ɗin kaka a Kolambiya kashi biyu ne a bakin masunta. Akwai wanda suke kira tuli, wanda gidansa ba shi da nisa da teku, yana shigowa ƙwansa ya riga ya nuna, jikinsa ya fara duhu, namansa ya koɗe. Akwai kuma mai ƙyalli, wanda zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa can saman kogi, shi ya sa yake shigowa fari fat kamar azurfa, cike da kitse, kuma shi kowa yake nema. Bayansu sai koho, wani nau'in salmon wanda bai kai shinuk girma ba amma ya fi shi tsalle da zafin nama, yana shigowa daga ƙarshen Agusta har cikin Oktoba da Nuwamba. Kakar takan buɗe ne ranar 1 ga Agusta a bakin kogi kusa da garin Astoria, a wurin da ake kira da sunan alamar jirage mai lamba 10, inda ruwan teku mai sanyi yake kutsowa sau biyu a rana ya kawo kifi sabo fil. A can kifi yana cizo sosai, domin bai daɗe da daina cin abinci ba kuma ruwan bai dame shi ba. Matsala tana farawa ne idan ya wuce inda sanyin teku yake kaiwa.

Salmon kifin ruwan sanyi ne. Dokar kare ingancin ruwa ta sa digiri 20 a matsayin iyakar da bai kamata wannan sashe na kogin ya wuce ba, amma a watan Agusta da farkon Satumba kusan kowace shekara sai ya wuce. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, ga shi kuma yana sa jikin kifi ya ƙone guzurinsa da sauri, yana ba cututtuka damar kama duk wani ɗan rauni da ke jikinsa. Idan zafi ya kai 21 zuwa 22 tafiyar ayari takan ragu, wasu kifayen ma su tsaya cak. Dalilan ɗumin ba ɓoyayyu ba ne: dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsu tana narkewa da wuri, iska ta fi zafi, sannan madatsun ruwa sun mayar da kogi mai gudu jerin tafkuna masu faɗi da rana take gasawa tsawon yini, waɗanda kuma suke jinkirin hucewa idan kaka ta shigo. A shekarar 2015 an ga iyakar abin da wannan zai iya haifarwa, lokacin da ruwa ya yi zafi tun a watan Yuni da Yuli, salmon nau'in sokai kimanin 250,000 suka mutu a hanya ba su kai gida ba.

Kifin da ya ji zafi yana neman mafaka, kuma mafakarsa ita ce bakin ƙananan koguna masu gangarowa daga duwatsu da ruwan sanyi, irin su Deschutes da Wind da tafkin Drano da rafin Herman. Nan yake shiga ya huta, wani kwana kaɗan, wani makonni, har babban kogi ya sauka. Masunta sun san haka sarai, shi ya sa za ka ga jirage sun yi dafifi a waɗannan wurare. A nan ne nake da ra'ayin da wasu abokaina ba sa so. Jihar Oregon takan hana kamun kifi a bakin wasu daga cikin rafukan nan daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba, kuma ni ina ganin ta yi daidai. Kifin da aka ja da ƙugiya na minti 10 a ruwa mai ɗumi, ko da an sake shi ya tafi da alamar lafiya, sau da yawa mutuwa yake yi daga baya inda babu mai gani. Wanda ya fake don ya tsira da ransa bai kamata a bi shi har cikin mafakar ba.

Mako guda bayan ranar da muka dawo hannu wofi, na ɗauki ɗana muka tafi madatsar Bonneville, kimanin kilomita 65 gabas da Portland, kilomita 235 daga bakin teku. Ita ce madatsa ta farko da kifi yake tararwa, kuma tun 1938 ake ƙirga duk wanda ya bi ta matakalar da aka gina masa a gefenta. Matakalar jerin gurabe ne na kankare, kowanne ya ɗara na ƙasansa tsayi kaɗan, ruwa yana kwarara daga wannan zuwa wancan. A ƙarƙashin ginin baƙi akwai tagogin gilashi da ke kallon cikin ruwan kai tsaye. Ruwan kore ne mai ɗan duhu, sai ka ga inuwa ta taso daga gefe, ta zama kifi mai tsawon hannun babban mutum, idonsa dab da naka, yana kaɗa wutsiya a hankali don ya tsaya wuri ɗaya a cikin ƙarfin ruwan. Wani da tabon raga a wuyansa, wani da shatar haƙoran zakin teku, wata babbar dabbar ruwa mai cin kifi, a gefensa, wani da farin tabo a ka. Yaron ya manna goshinsa a gilashin ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya juyo ya ce, "Baba, duk waɗannan mutuwa za su yi?" Na ce masa duka, amma waɗanda suka yi sa'a sai sun zuba ƙwai tukuna. A wani ɗan ɗaki na gefe ma'aikaci yana zaune gaban tasa tagar, yana danna maɓalli ga kowane kifi bisa ga nau'insa, tun kafin asuba har dare, kuma washegari adadin yana kan intanet kowa ya gani.

Wannan ƙidaya tana da amfani ƙwarai ga wanda ya san yadda ake karanta ta. Daga 1 ga Agusta duk shinuk ɗin da ya wuce a lissafin kaka ake sa shi, kuma ayarin yakan kai ganiyarsa a makonni biyu na farkon Satumba. A 2013 da 2015 manyan shinuk na kaka fiye da 950,000 ne suka wuce Bonneville a kowace shekara, kuma a Satumbar 2014 an ƙirga fiye da 67,000 a rana guda. Sai dai kifin da aka ƙirga a madatsa ya riga ya wuce masuncin da ke ƙasa, don haka babban adadi albishir ne ga mutanen sama, na ƙasa kuwa labarin jiya yake ba su. Kuma ko waɗannan shekaru na yalwa ba su kama ƙafar abin da kogin yake ɗauka a da ba, domin an ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa salmon da danginsa miliyan 10 zuwa 16 ne suke shigowa kowace shekara.

A mako na uku na Satumba dare ya fara sanyi, aka yi kwana biyu ana yayyafi, muka koma wurinmu na farko. Ma'auni ya nuna 19. Bambancin digiri biyu ne kawai, amma kogin ya zama wani daban. A wannan sashe cikowar teku da janyewarsa suna taɓa ruwa har zuwa Bonneville, don haka masunta sukan jira lokacin janyewa, sa'ad da ruwa yake gudu da ƙarfi zuwa teku, su jefa anga su jeru kafaɗa da kafaɗa a kan layin da kifi yake bi. Ana sa dalma mai nauyi ta riƙe zare a ƙasa, a bayanta kuma wani lanƙwasasshen ƙarfe mai walƙiya yana rawa a cikin ruwan daidai fuskar kifin da ke haurowa. Wajen ƙarfe takwas, hazo bai gama washewa ba, kan sandata ya yi ƙasa sau biyu, sannan ya lanƙwashe gaba ɗaya, zare ya fara fita da ƙara. Dattijon ya kwance mu daga anga nan take don mu bi kifin, yana ta ce mini kada in yi gaggawa, in bar shi ya gaji da kansa. Sau uku yana zuwa kusa da jirgi yana ganin koma yana sake nutsewa. Da muka ɗaga shi, mai ƙyalli ne, bayansa shuɗi-shuɗi da ɗigon baƙi, dasashinsa baƙi kamar yadda na shinuk yake, kuma nauyinsa ya kusa kilo 9. Na rubuta shi a katin kamu nan take kamar yadda doka ta ce, tun hannuna bai daina rawa ba.

Dokokin nan suna da yawa, kuma suna canzawa a tsakiyar kaka. Jihohin Oregon da Washinton tare suke zama su tsara ranakun kamu, suna iya rufe wani sashe cikin kwana ɗaya ko biyu idan lissafi ya nuna an kusa cinye kason da aka yarda a taɓa daga cikin kifayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Mafi yawan kifin da ake kamawa a ƙasan kogi daga gidajen ƙyanƙyasa ya fito, kuma ana gane shi ne da wani ɗan ƙaramin fiffike na kusa da wutsiya da ake yankewa tun yana ƙarami. Koho da ya zo da wannan fiffike cikakke na daji ne, a ƙasan kogi dole a sake shi. Na sha jin masunta suna ƙorafi idan an rufe musu kaka ba zato, kuma na fahimci zafin wanda ya yi tanadi ya ga an hana shi. Amma ina tuna cewa a 1990 shinuk ɗin kaka na daji guda 78 ne kacal suka haura madatsu takwas suka nufi gidansu a Kogin Snake, a 1992 aka sa su cikin jerin halittun da doka take karewa, kuma irin wannan takura, haɗe da aikin ƙyanƙyasa da ƙabilar Nez Perce ta sa hannu a ciki, ita ta dawo da su dubbai.

Ba zai yiwu a yi maganar wannan kifi ba a tsallake mutanen da suka riga kowa saninsa. A garin Cascade Locks, sama da Bonneville kaɗan, har yau za ka ga dandamalin katako da aka kafa a kan ruwa, 'yan asalin ƙasar suna tsoma koma mai doguwar ƙota, wasu kuma suna sayar da kifi a gindin gada. Yarjejeniyoyin 1855 da ƙabilun Yakama da Umatilla da Warm Springs da Nez Perce suka ƙulla da gwamnatin Amurka sun tabbatar musu da 'yancin kamun kifi a wuraren da suka saba, kotuna kuma suka jaddada hakan a 1969 da 1974. Babbar matattararsu, magangarar ruwa ta Celilo, inda aka yi dubban shekaru ana su da kasuwanci, ta nutse a ranar 10 ga Maris 1957 lokacin da aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles. Duk sa'ad da na bi ta wurin na ga ruwa shimfiɗe lumui, sai jikina ya yi sanyi.

Kifin da na kama, bisa ga dukkan alamu, Hanford ya nufa. Wannan yanki ne mai tsawon kilomita 82 a jihar Washinton, kuma shi ne sashe na ƙarshe a ɓangaren Amurka, sama da inda teku yake taɓawa, da kogin yake gudu yadda Allah ya halicce shi. Abin da ya taimaka ya tsira daga madatsa shi ne killace yankin da aka yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don sarrafa sinadarin bam ɗin nukiliya. A can ne mafi yawan masu ƙyalli na daji suke zuba ƙwai a Oktoba da Nuwamba, bayan sun haura madatsu huɗu. Tun 1988 akwai yarjejeniyar da ta wajabta wa madatsar Priest Rapids, wadda ke sama da yankin, ta daidaita ruwan da take saki a wannan lokaci, don kada kifi ya yi sheƙa a kan tsakuwar da ruwa zai janye ya bari a bushe. Wannan ya nuna mini cewa halin ruwa ba duka ne ya fi ƙarfin mutum ba, akwai ɓangaren da yake hannun masu buɗe ƙofa da rufewa.

Da Oktoba ta shigo sai babban kogi ya fara yin shiru, hankali ya koma ƙananan koguna irin su Sandy da Clackamas da waɗanda ke gaɓar teku. A nan ruwan sama ne sarki. Idan an daɗe ba a yi ruwa ba, kogi yakan ƙafe ya yi garau har kana ƙirga duwatsun ƙasa, koho ya taru a gurabe masu zurfi yana ganin inuwar mutum tun daga nesa, ba abin da za ka jefa masa ya kula. Ruwan farko mai ƙarfi yana ɗaga kogi, ya dama shi ya yi ja, ya kwaso ganyaye da itatuwa, kuma a wannan rana ma ba a kamu, domin kifi ba ya gani kuma hankalinsa yana kan tafiya. Ranar da ake nema ita ce ta biyu ko ta uku bayan ruwan ya ɗauke, sa'ad da kogi ya fara sauka, launinsa ya koma kore, kana iya ganin takalminka idan ruwa ya kai maka gwiwa amma ba ka ganin tsakiyar gurbi. Dattijon yakan ce wanda ya iya gane wannan launi ya gama rabin karatun kamun kifi. Bana ruwan ya yi jinkiri, na yi fita biyu a banza kafin in dace da irin wannan rana, na samu koho biyu, ɗaya na daji ne, na zare masa ƙugiya yana cikin ruwa ban ɗaga shi ba.

Makon jiya ban ɗauki sanda ba. Na je wani ɗan rafi da ke zuba a Kolambiya kusa da Bonneville, na tsaya a kan gada ina kallon ƙasa. Ruwan bai wuce gwiwa ba. Wata macen shinuk tana tsaye a kan wani fili na tsakuwa da ya fi na kewaye haske, wutsiyarta ta yi fari ta yayyage saboda haƙa. Can sai ta kwanta a gefenta, ta bugi ƙasa da wutsiya sau biyar ko shida, laka ta tashi ruwa ya tafi da ita, duwatsun suka koma baya kaɗan. A cikin irin wannan rami take zuba ƙwai dubbai, namiji ya zuba nasa ruwan, ta matsa gaba ta haƙa wani, tsakuwar sabon ramin ta rufe na baya. Namiji mai lanƙwasasshen baki yana gefenta, yana korar wani ƙarami da yake ta ƙoƙarin kutsowa. A bakin rafin gawarwakin waɗanda suka gama nasu aikin suna kwance, warinsu ya cika wurin, tsuntsaye suna ta caccaka. Haka matafiyan nan Amurkawa masu binciken ƙasa, Lewis da Clark, suka tarar a Oktobar 1805, suka rubuta cewa sun ga matattun salmon jibge a gaɓar kogin. Abin da ya saura daga gawar yana komawa cikin ƙasa da ruwa, itatuwan bakin rafi su sha, ƙwarin da 'ya'yan kifin za su ci idan sun fito daga tsakuwa su ma su samu. Na tsoma ma'aunin da dattijon ya ba ni kyauta a gefen rafin, nesa da sheƙar, ya nuna digiri 10. Macen nan za ta tsare wurin na wasu kwanaki har ƙarfinta ya ƙare, kuma idan Allah ya kai mu tsakiyar Nuwamba zan dawo da yaron, domin a lokacin ne nau'in cam, na ƙarshe a ayarin shekara, yake zuba nasa ƙwan a tsakuwar da ke ƙasan madatsar.